Rabin Ƙwaya

Karen Maikano ya shigo gidanmu ranar Talata da hantsi, ta inda danga ta faɗi tun ruwan farko. Baffa Safiyanu, ƙanin babana, ya ce zai gyara dangar. Wata uku ke nan yana gyaran ta da baki.

Ina ɗaki na ji kukan. Na fito na tarar da Duna, baƙin karen farautar nan mai yankakken kunne, ya cusa kai ƙarƙashin rumbu, inda kyanwarmu Ladidi ta haihu kwana tara da suka wuce. 'Ya'ya uku, ko ido ba su gama buɗewa ba. Ladidi ta maƙale masa a fuska da duk faratanta. Ya girgiza kai, ya cafke ta a cinya, ya yarfar da ita jikin turmi. Na ɗauki taɓarya. Sau ɗaya na same shi a haƙarƙari, ya fice ta inda ya shigo yana kuka kamar shi aka zalunta.

Ladidi kyanwar Inna ce. Inna Fatsuma ita ta haifi babana, ita ta riƙe ni tun da ya rasu. Shekara huɗu ke nan da yanar ido ta rufe mata gani. Tun daga nan Ladidi ke kwana a ƙafarta. In baƙo ya doso ƙofa, kyanwar ce ke fara sanar da ita. Bara ta kashe kububuwa a bakin gadon Inna, ta ja ta tsakar gida ta ajiye. A gidan nan ban san wani namiji da ya taɓa yi wa Inna aikin da ya kai wannan ba.

"Maigida, mene ne?" Inna ta fito tana laluben bango. Haka take kirana tun ina rarrafe. "Wa ya taɓa mini ita?"

"Karen Maikano."

"Ta mutu?"

"Ba ta mutu ba."

Cinyar baya ta tsage, fata ta rataya, ga ramin haƙori biyu. Duk da haka ta ja jiki ta koma ƙarƙashin rumbu, ta kwanta ta rufe 'ya'yanta.

Kafin na wanke hannu gidan ya cika. Garinmu Kwandiko ke nan. Ranar noman gonar Inna ba ka ganin kowa, amma a ce jini ya zuba, har mai jego sai ta leƙo. Kowa da maganinsa. Wata ta ce a zuba baƙin mai na injin niƙa, ƙuda ba zai sauka ba. Wata ta ce toka da man shanu. Baffa ya iso daga ƙarshe, yana sakace, ya tsaya ya dubi ciwon daga nesa.

"Yawun kare ne ya shiga," ya ce. "A wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ɗebo mini rairayi."

"Baffa, ƙwarya ake yi wa haka, ba tsoka ba."

"Au, kai ne limamin yanzu?"

"Ba wanda zai zuba mata ƙasa a ciwo."

Ya dubi matan, ya yi dariya ta hanci. "Ku ba shi wuri. Likita ya zo."

Suka ba ni wurin. Ni kaɗai ne a gidan na yi shekara shida a sakandare. Ina da kiredit a Bayoloji. Takardar tana cikin akwati ƙarƙashin kayan Sallah, shekara biyu tana jiran abin da ban sani ba. Na tafasa ruwa da gishiri, na bari ya huce, na wanke ciwon har ya fita fes. Na yagi tsohon farin ɗankwalin Inna na ɗaure. Suna tsaye suna kallo kamar ana gyaran rediyo.

Da suka watse na lura jikin Ladidi na ɓari. Zafin ciwo ne. Na shiga ɗakin Inna na buɗe gwangwanin da take ajiye magani, na ɓallo farasitamol ɗin da take sha saboda gwiwa. Babba biyu yake sha. Yaro ɗaya, ko rabi. Kyanwa ba ta kai yaro ba, to rabi ya ishe ta. Lissafin bai ɗauke ni minti ɗaya ba, har na ji daɗin kaina. Na daka rabin a cokali, na dama da nono, na ɗura mata. Ta yi ta kumfar baki tana kau da kai. Na matse mata muƙamuƙi har ta haɗiye.

Da la'asar Maikano ya yi sallama. Na same shi a ƙofar gida riƙe da zabo, ya sha layu a damtse kamar mai shirin yaƙi, yana warin hayaƙi da kare. Mutum ya kusa sittin, abin da ya tara a duniya karnuka huɗu da bindigar toka.

"Zulkifilu, ashe abin da ya faru ke nan. Wallahi ina gona."

"Kai kana gona, shi yana gidajen mutane."

"Abin da aka koya masa ke nan, ɗana. Ya ji motsi a rami ya shiga. Bai san ta gida da ta daji ba." Ya miƙo zabon. "A yi wa Inna romo. A ba ta haƙuri."

Daga ciki Inna ta ɗaga murya. "Ka ce ya kai wa karensa!"

Baffa ya ɓullo ta bayana. Shi da Maikano sun shekara biyar suna rigima a kan iyakar gona, wata 'yar kunya guda da ko akuya ba za ta ƙoshi a kanta ba.

"Yau mage, gobe ɗan mutum," in ji Baffa. "Mai unguwa zai ji. Kare ya keta gida ya yi ta'adi, ai an san hukuncinsa."

"Haba Safiyanu. Duna ne ke ciyar da ni."

"Sai ka koyi noma."

Maikano ya tafi. Zabon bai tafi ba. Baffa ya karɓa wai kada a wulaƙanta abinci, ya wuce da shi sashensa. Da magariba na ba Ladidi ɗaya rabin.

Washegari bayan sallar asuba na jawo ta daga ƙarƙashin rumbu. Fuskarta ta kumbura har idon ya shige. Tafin ƙafafunta sun yi suntum. Bakinta a buɗe, tana numfashi sama-sama, harshen ya yi wani launi kamar dafaffiyar hanta. 'Ya'yan na tsotso, ko lasar su ba ta yi.

"Ka gani?" Baffa ya ce, da buta a hannu. "Dafin kare ya bi jini. Da ka bari na wanke."

Na sami kwalin taliya, na huda shi da ƙusa, na shimfiɗa tsumma. 'Ya'yan na sa su a ƙwarya na ajiye kusa da Inna. Ta ce in miƙo mata Ladidi tukuna. Ta shafa kan, ta bi kumatun da yatsa, ta tsaya.

"Wannan ba fuskarta ba ce."

"Kumburi ne. Birnin Kudu zan kai ta."

"Suna duba kyanwa a can?"

"Za su duba."

Ta kwance bakin zaninta ta danƙa mini abin da ke ciki. "Ka dawo mini da ita, maigida."

Hanyar da nisa, ga gargada. Na tuna yadda babur zai riƙa jijjiga ciwon. Na koma na buɗe gwangwanin, na ƙara mata rabi saboda hanya.

Manu ne ya ɗauke ni zuwa Basirka. Ajinmu ɗaya da shi a sakandare. Shi ya faɗi komai, yau yana da babur. Ni na ci, ina bayansa rungume da kwali.

"Me ke ciki, Farfesa?"

"Mara lafiya."

"Kun ɗauko katin asibitinta?"

"Ka kalli hanya."

"Wallahi da gaske nake. In an ba ku gado ka aiko, mu zo dubiya da lemo."

Ruwan da aka yi ya cinye hanyar. Sau biyu na sauka na taka da ƙafa yana tura babur a taɓo. Gero ya fitar da kai hagu da dama, kowa ya duƙa a gonarsa, duk wanda ya ɗago sai ya bi kwalin da ido. A Basirka Manu ya tsaya gaban wata rumfa kusa da karar shanu.

"Ka gwada Iliyasu. Me zai kai ka har Birnin Kudu?"

Iliyasu mai maganin dabbobi ne. Ya sa farar riga irin ta asibiti, wuyanta ya yi baƙi. Kwalabe jere a rana, rubutun wasu ya goge. Ya leƙa kwalin, ya ja baki.

"Kyanwa. To. Ban taɓa yi wa kyanwa ba, amma ai jiki jiki ne." Ya jawo sirinjin ƙarfe, irin na bijimai, allurarsa kamar basilla. "Sai mu ɗauki na ɗan maraƙi mu raba goma. Riƙe mini ita."

"Ka raba goma."

"Ko sha biyu. Ai lissafi ne."

Na rufe kwalin. Wai jiki jiki ne. Mutumin da bai san inda hanta take ba sai a tukuba, shi ke tsira wa dukiyar mutane allura. Na dube shi daga hular zuwa silifa, yadda zai gane.

Bai gane ba. Ya mayar da sirinjin yana murmushi. "To in Birnin Kudun za ka, ka nemi shagon Dakta Munawwara, bayan kasuwa, layin masu abincin kaji. Ita ta karanta abin. Ka ce Iliyasu na gaishe ta."

Ban ce zan faɗa ba.

A motar Birnin Kudu aka cusa mu huɗu-huɗu. Kwalin na kan cinyata. Ba mu yi nisa ba wata mata mai goyo ta fara waige-waige.

"Ɗan nan, mene ne ke nishi?"

"Kyanwa."

"Sayarwa za ka yi?"

"Asibiti."

Motar ta ɗauka da dariya. Wani mai jar hula a gaba ya juyo gaba ɗaya don ya gan ni da kyau. "Ikon Allah. Mutum na kwance a baranda ba gado, ga mage za ta ga likita. Samari, aikin me kake yi?"

"Ba na komai."

"Ai na gani."

Akwai akuya biyu ɗaure a bayan motar, ɗaya tana zawo a kan buhun wani. Ba wanda ya ga abin dariya a nan. Akuya ana cin ta. Duk abin da ba ya shiga tukunya ko kasuwa, a wurinsu ba rai ba ne. Na mayar da fuska taga.

A Gwaram direba ya kashe mota, wai sai ya cike gurbin mutum biyu da suka sauka. Ya tafi shan shayi. Na sa kunne a jikin kwalin. Numfashin na nan, gajere, kamar ana kaɗa ƙaramin mafici. Na tura yatsa ta huda, na taɓa kunnenta. Sanyi.

"Malam direba, mu tafi mana."

"Ka sayi kujerun in kana sauri, Alhaji."

Muka shafe kusan awa guda.

Rana ta kusa tsakiya muka shiga Birnin Kudu. Na wuce ta gaban babban asibiti, mutane da tabarmi da filas da kwanuka suna shiga suna fita. Na bi bayan kasuwa ina tambaya. Warin dusa da kashin kaji ne ya kai ni layin. Shagon ƙarami ne, 'yan tsaki na ta tsuwa a kwalaye, firji na gurnani a lungu, ga wani tebur na ƙarfe bayan labule.

Dakta Munawwara gajeriya ce, da tabarau, ba ta fi ni da shekara goma ba. Tana yi wa wani Bafulatani bayanin maganin hanta, tana zana masa layi a jikin kwalba da biro. Na shirya jin dariya. Na ma shirya amsar da zan ba ta.

"Me ka kawo?"

"Kyanwa. Kare ya cije ta jiya da hantsi."

"Kawo ta nan."

Shi ke nan. Ta sa safar hannu, ta fito da Ladidi a hankali ta kwantar a teburin. Ta kwance ɗankwalin.

"Wa ya wanke?"

"Ni. Tafasasshen ruwa da gishiri."

"Ka kyauta. Ciwon da tsabta." Ta latsa gefen cinyar, ta motsa ƙafar. "Bai taɓa ƙashi ba. Ɗinki kaɗan ne da allura."

Na ji wuyana ya miƙe. Da ma Baffa na nan.

Sai ta kai hannu fuskar. Ta ɗaga leɓen sama, ta dubi dasashin. Ta ja fatar ido ƙasa. 'Yan tsakin nan kamar a kunnena suke.

"Me ka ba ta?"

"Nono."

"Bayan nono."

"Can gida sun so su zuba mata ƙasa da baƙin mai. Ni na hana. Wani ma a Basirka da allurar shanu ya..."

"Ban tambaye ka abin da ka hana ba. Me ka ba ta?"

"Farasitamol. Rabi kawai."

"Sau nawa?"

"Uku."

"Na ƙarshe yaushe?"

"Yau da safe. Saboda hanya."

Ta cire tabarau ta ajiye. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini.

"Wa ya ce ka ba ta?"

"Ba kowa. Na rage ne daidai girmanta."

"Babu daidai girmanta. Kai ka sha, hantarka ta sarrafa shi, ka tashi. Hantar kyanwa ba ta iyawa. Guba ne a wurinta, ko ɗan ɓalli ne. Ka ga launin bakin nan? Jininta ne ya daina ɗaukar iska. Kumburin ma shi ne. Ba kare ba ne."

"Amma ai..."

"Da ƙasar suka zuba, da na wanke na ɗinke ka tafi da abarka."

Na dafa teburin. Ƙarfen da sanyi.

Ta yagi takarda ta rubuta wani dogon suna. "Akwai makarinsa, amma ba ni da shi. Na mutane ne. Ka duba kemis-kemis ɗin da ke gaban asibiti. Ban yi maka alkawari ba, an makara. Yi gudu."

Na yi gudu. Na farko ya juya takardar ya ce babu. Na biyu ya ce in dawo jibi. Na uku ya tambayi shekarun mara lafiyar, na faɗa masa ko wace ce, ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji. Na bar su suna dariya, ban ko ji haushi ba. Haushin ya ƙare mini. A na biyar wani dattijo ya hau kujera ya lalubo shi a saman kanta, ya hure ƙurar kwalin ya miƙo.

Na dawo na tarar ta ɗaura mata ruwa ta ƙarƙashin fata, tana shafa mata baya da yatsa biyu. Ta auna maganin a sirinji, ta duba wani littafi, ta sake aunawa, sannan ta ba ta. Ita da ta karanta abin, sai da ta duba littafi.

Muka zauna. Masu sayen dusa na shigowa suna fita. Aka kira azahar a masallacin kasuwa. Ladidi ta miƙe ƙafafun gaba kamar mai shirin tashi, ta buɗe baki sau biyu. Daga nan cikin bai ƙara ɗagawa ba.

Dakta ta sa abin sauraro a ƙirjinta, ta cire. "Sai haƙuri."

Na gyaɗa kai.

"Tana shayarwa. 'Ya'ya nawa?"

"Uku. Kwana goma yau."

Ta ɗauko ƙaramin sirinji marar allura ta sa a leda. "Nonon akuya, da ɗumi, ba zafi ba. Kaɗan-kaɗan, duk bayan awa biyu zuwa uku. Kada ka kwantar da su rigingine, za su shaƙe. In sun sha ka shafa musu mara da tsumma mai ɗumi, in ba haka ba ba za su yi fitsari ba. Ka rufa su. Maimaita mini."

Na maimaita kamar ɗan aji ɗaya.

"Karen ya cije ka? Ita ta yakushe ka?"

"A'a."

"A ɗaure shi kwana goma a sa masa ido. In ya ci ya sha lafiya, ba shi da hauka. Ga lambata. In ba ka sani ba, ka kira. Ba abin kunya ba ne."

Na mayar da Ladidi kwalin. A ƙofa na tsaya. "Iliyasu na Basirka yana gaishe ki."

"Ina amsawa. Shi yana kira in ya rikice."

A motar komawa ba wanda ya tambaye ni me ke ciki. Ba abin da ke nishi.

Rana ta yi ja na sauka a Kwandiko. Tun daga nesa na hango su ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu. Mai unguwa a kan tabarma, Baffa a tsaye yana bayani da hannu, 'yan kallo sun kewaye. Maikano na tsugune a gefe, Duna ɗaure da igiya a hannunsa. Ashe tun azahar suke nan. Mai unguwa ya ce ba zai yanke ba sai an ga yadda kyanwar ta kwana. In ta tashi, Maikano ya ɗaure karensa ya ba da haƙuri. In ta mutu, to dafinsa ya tabbata, a kai shi bayan gari.

"Ga shi nan," in ji Baffa. Ya dubi kwalin, ya dubi fuskata. Har wani haske ya zo masa a ido. "Ta mutu, ko?"

Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Baffa da maiƙon zabo a gemu. 'Yan kallon da suka bar gona don su ga an kashe kare. Kalma ɗaya suke jira. In na ce e na yi shiru, ba wanda zai je Birnin Kudu ya tambaya. Baffa ya sami kunyar gonarsa ta wata hanya, ni in shiga gida da kiredit ɗina.

Duna na numfashi da ƙyar ta gefen da na doka. Maikano bai ɗago ba. Hannunsa na kan karen, yana bin yankakken kunnen da babban yatsa, yana komawa. Na san wannan shafar. Da safe na gan ta.

"Ta mutu," na ce.

"To, ranka ya daɗe, ka ji."

"Ba karen ne ya kashe ta ba."

Baffa ya juyo. "Kamar yaya?"

"Likita ta ce cizon ɗinki kawai yake so. Maganin da na ba ta ne. Farasitamol. Guba ne ga kyanwa."

Mai unguwa ya gyara zama. "Zulkifilu, kai ka ba ta da hannunka?"

"Sau uku, ranka ya daɗe. Ta ce a ɗaure karen kwana goma a gani. In lafiya, shi ke nan."

Baffa ne ya fara. Ya tafa hannu, ya riƙe ciki. "Bayoloji! Kai, jama'a! Ya hana ni rairayi! Bayoloji!"

Suka ɗauka. Har Manu, da ya tsaya da babur a baya. Na san sunan ya zauna ke nan. Ko na yi furfura a garin nan, da shi yara za su nuna ni. Su yi. Ba su fi jiya hankali ba, ni ne dai na sauko na same su.

Maikano ya miƙe. Ya buɗe baki zai yi mini magana.

"Ka ɗaure shi, Baba," na ce, na shige gida.

Inna na zaune a bakin ƙofarta, ƙwaryar a cinya, 'ya'yan na ta tsuwa. Ta ji dariyar. Katangar zaure ba ta tare komai.

"Miƙo ta."

Na sa mata a hannu. Jikin ya sandare. Ta shafa daga kai zuwa jela, ta gyara kunnen da ya lanƙwashe. Ba ta yi kuka ba.

"Inna, ni ne."

"Na ji." Ta ci gaba da shafawa. "Na ji lokacin da kake buɗe gwangwanin. Jiya sau biyu, yau sau ɗaya. Murfin yana ƙara. Na so in yi magana. Sai na ce maigida ya yi boko, ni me na sani."

Da ma zagina ta yi.

"Ka binne ta bayan rumbu, inda take shan hantsi. Ka zurfafa, saboda karnuka."

Na haƙa har gwiwa. Na naɗe ta a ragowar ɗankwalin. Da na gama na kama akuyar Inna na tatsi rabin kofi, na ɗumama a bakin murhu, na ɗiga a bayan hannuna na ji. Na dawo na durƙusa a gabanta.

"Riƙe mini ɗaya. Rub da ciki, kada ki juya shi."

Ta lalubo mai fari-fari ɗin, wanda ya ɗauko uwar, ta kwantar a tafin hannunta. Na sa masa bakin sirinjin. Ya kau da kai. Na sake. Ya kama, kunnuwansa suka fara rawa.

"Nawa za ka ba shi?" ta ce.

"Zuwa layin nan na farko."

"Kai ka yi lissafin, ko ka tambaya?"

"Na tambaya."

"To." Ta lalubo na biyun. "Gobe ka sari ƙirare ka tayar da dangar nan. Kada ka jira Safiyanu."